Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin manyan makarantunmu: kafin ku sa hannu a kan komawa manhajar kamfani

Zuwa ga shugabannin jami'o'i da na kwalejojin fasaha da na ilimi, da majalisun gudanarwarsu, da kwamitocin tantance kwangila.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, muna roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku. Wannan takarda ta fito ne daga ma'aikatan da ke kula da kwamfutoci a makarantunku: masu girka manhaja, masu tsaron saba (babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajoji da bayanan makaranta), da ma'aikatan laburare da ke shigar da bayanan littattafai cikin na'ura. Mu ake kira idan abu ya tsaya, amma ba kasafai ake nemanmu ba ranar da za a yanke shawarar abin da za a saya.

Ga abin da ya sa muka rubuto. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, tare da Office 2016 da 2019. Wannan ya tilasta wa makarantu su sake duba kwamfutocinsu, 'yan kwangila kuma suka samu ƙofar shigowa da takardunsu. Cikin shawarwarin da ke yawo akwai ta a kwashe buɗaɗɗun manhajojin da aka jima ana aiki da su, irin su Koha a laburare, Moodle na darussa da jarrabawa, DSpace na ajiye kundayen bincike, da Linux (madadin Windows) da LibreOffice (madadin Office) a ɗakunan kwamfuta, a maye gurbinsu da na kamfani. Hujjar da ake kawowa ɗaya ce kusan ko'ina: an gwada, bai yi ba, ai ko Turawan ma sun gudu.

Saboda wanda bai saba da kalmar ba, buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda asalin rubutun da aka gina ta da shi yake a fili, kowa yana da izinin ya duba, ya gyara, ya raba. Ta kamfani kuwa rubutunta a rufe yake, izinin amfani kawai ake sayarwa, kuma yanzu galibi haya ce ta shekara-shekara.

Gaskiya ne Turawa sun koma a wurare da dama, ba mu zo mu musa ba. Amma tunda da su ake kafa hujja, a ba mu dama mu faɗi yadda abin ya faru.

Misalin da aka fi ambata shi ne birnin Munich na ƙasar Jamus. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar barin Windows, a daidai lokacin da tallafin Windows NT 4 ke dab da ƙarewa, wato irin halin da muke ciki yau. Shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya je da kansa wurin magajin gari Christian Ude don ya sauya masa ra'ayi, bai yi nasara ba. Aikin da aka sa wa suna LiMux ya ɗauki shekara goma. Zuwa ƙarshen 2013 kwamfutoci wajen 14,800 sun koma Linux, kuma a 2012 hukumar birnin ta ce ta rage kashe fiye da Yuro miliyan 10. A 2014 aka yi sabon magajin gari, Dieter Reiter, wanda bai ɓoye cewa ya fi son kayan Microsoft ba. A 2016 Microsoft ya kawo hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin. A Nuwamba 2017 majalisa ta zaɓi komawa Windows 10, aka ƙiyasta kuɗin wannan ɓangare kaɗai kusan Yuro miliyan 50.

Abin da masu kafa hujja ba sa faɗi shi ne rahoton da birnin ya sa kamfanin Accenture ya rubuta kafin a yanke hukuncin. Accenture abokin hulɗar Microsoft ne, ba wanda zai ce ya yi wa Linux kara, amma duk da haka rahoton ya fi ɗora laifi a kan tsarin gudanarwa: aikin kwamfuta a rarrabe yake tsakanin ofisoshi da yawa, kowane da nasa iko, sabuntawa ba ta isa ga ma'aikaci sai bayan dogon jira, ga kuma dubban kwamfutoci da ba su taɓa barin Windows ba saboda manhajojin musamman na wasu sassa. Wato birnin yana ciyar da tsari biyu a lokaci guda, ma'aikaci kuma yana zaune da tsohuwar sigar LibreOffice yana tsine wa Linux. A 2020 sabuwar gamayyar da ta karɓi majalisar ta sake rubuta cewa za a fifita buɗaɗɗiyar manhaja duk inda ya yiwu. Shekara goma sha bakwai ana kai-komo, kuma kowace juyawa da kuɗin jama'a aka yi ta.

Sauran misalan ma kowane da takamaiman dalilinsa. Ma'aikatar harkokin wajen Jamus ta sanar da komawa Windows a 2011, ta ambaci wahalar samun direbobin firinta da sikana (ƙananan manhajojin da ke haɗa su da kwamfuta), da kuɗin horar da ma'aikata, da matsalar musayar takardu da sauran ma'aikatu. Birnin Freiburg na Jamus ya bar buɗaɗɗiyar manhajar ofis ta OpenOffice a ƙarshen 2012, bayan ya bar ma'aikatansa suna haɗa tsohuwar sigarta da Office 2000 a kan aiki ɗaya. A Vienna ta ƙasar Ostiriya, a 2008, an mayar da kwamfutoci 720 na makarantun yara zuwa Windows saboda manhaja guda ta koyar da harshe wadda ba ta aiki sai da Internet Explorer. Hukumar haraji ta jihar Lower Saxony ta Jamus ta shirya mayar da kwamfutoci kusan 13,000 zuwa Windows a 2018, hujjarta ita ce ma'aikatanta masu fita aiki waje dama Windows suke riƙe da ita. Duk waɗannan cututtuka muna da su a gida, wasu ma sun fi tsanani, kuma su ne koke-kokenmu.

Na farko kuma mafi girma: an karɓi waɗannan manhajoji da sunan kyauta, sai aka bar su ba kasafi. Lasisi ne kawai babu kuɗinsa. Saba tana bukatar wuta mai tsayawa, da faifan ajiya, da mutumin da ke duba ta. Bari mu kawo yadda abin ke lalacewa a zahiri, domin idan rahoto ya iso teburinku cewa «Koha ta lalace», ku san tambayar da za ku yi.

Koha tana da wani ɓangare da ke jera fihirisar littattafai don bincike, wanda a yawancin wurare Zebra ne. Idan wuta ta ɗauke babu inbata ko UPS mai rai, saba ta mutu ba shiri, wannan ɓangare yakan tsaya ko fihirisar ta gurɓace. Daga nan ma'aikaci zai shigar da sabon littafi, ɗalibi ya nema bai gani ba. Gyaran shi ne a tayar da mai jerawar, a sake gina fihirisa da umarni guda, aikin da ba ya cin yini. Idan babu wanda ya san haka, sai a shekara ana cewa manhajar ba ta aiki, a koma rajistar takarda. Haka kuma Koha tana ɗaukar kwafin ajiya da kanta kowace rana, amma a kan faifan da take zaune take ajiye shi, kuma na kwanaki kaɗan take riƙewa. Ranar da faifan ya ƙone, da asali da kwafi tare suke tafiya. Aikin shekara biyar na ma'aikatan laburare yana iya salwanta saboda rashin faifan waje guda ɗaya da umarnin kwafi na dare.

Moodle kuma ranar jarrabawa take jin kunya. Rumbun bayanan da aka fi haɗa ta da shi, MariaDB ko MySQL, yana zuwa ne da iyakar haɗi 151 a lokaci guda idan ba a taɓa saitinsa ba. A tara ɗalibai ɗaruruwa su danna «fara» a minti ɗaya a kan sabar da ba a daidaita ta ba, ba a ƙara mata ƙwaƙwalwa ba, ba a gwada ta da nauyi ba, dole ta durƙushe. Akwai kuma aikin bayan fage da ya kamata ya riƙa gudana kowane minti. Idan ya tsaya, saƙonni ba sa fita, jarrabawar da lokacinta ya ƙare ba ta rufuwa yadda ya dace. Sannan kwafin ajiyarta kashi biyu ne, rumbun bayanai da babban jakar fayiloli, kuma sau da yawa ɗaya kawai ake kwafa. Ko takardar shaidar tsaro ta shafin, wadda ake samu kyauta, kwana 90 take yi. Idan sabuntawarta ta kai-tsaye ta karye, sai burauza ta fara gargaɗin cewa shafin makaranta ba shi da aminci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sayen manhajar kamfani ke kawar da shi. Bambancin kawai shi ne a can an biya wani ya yi aikin, a nan kuwa ba a biya kowa ba.

Na biyu ya rataya ne da na farko. A wurare da yawa mutum ɗaya ne ya girka komai, wani lokaci ma ɗan bautar ƙasa ne ko ma'aikacin wucin gadi mai himma. Kalmar sirrin saba tana kansa, ba a rubuta yadda aka haɗa komai ba. Ya gama shekararsa ko ya samu aiki mai tsoka a Abuja ko Legas, shi ke nan. Wanda ya gaje shi yana tsoron taɓawa, sai manhaja ta yi shekaru ba sabuntawa. Koha tana fitar da sabuwar siga sau biyu a shekara, a Mayu da Nuwamba. Ubuntu (wani nau'in Linux) mai dogon tallafi shekara biyar ake ba ta. Wanda ya tsallake siga takwas ko goma da wuya ya yi tsalle ɗaya ya cim ma ta yau, sai ya bi mataki-mataki yana gwaji a wata saba daban. A irin wannan hali ne ɗan kwangila ke shigowa ya nuna sabuwar manhajarsa mai sheƙi kusa da tamu ta shekara bakwai da ta wuce, kwamiti kuma ya ce ai bambancin a fili yake.

Na uku shi ne maganar takardu, kuma a nan ne ma'aikacin ofis ya fi jin jiki, don haka kukansa gaskiya ne. Sakatare ya buɗe wasiƙar da aka rubuta da Word a cikin LibreOffice, sai ya ga shafi ɗaya ya zama biyu, teburi ya zame, wurin sa hannu ya gangara. Yawancin lokaci dalilin salon haruffa ne: an rubuta da Calibri ko Cambria, kwamfutar Linux ba ta da su, sai ta ɗauko wani mai faɗi daban. Maganin sananne ne. Carlito faɗinsa ɗaya da Calibri, Caladea da Cambria, dangin Liberation kuma da Arial da Times New Roman; a girka su a kowace kwamfuta, a kuma tsayar da salo ɗaya na hukuma bayan an tabbatar yana da ɓ da ɗ da ƙ, tunda mu ma muna rubutu da harshenmu. Abin da ya fi wuya shi ne fayilolin Excel masu makiro (ƙananan umarnai masu yin lissafi da kansu) da ke ofishin ma'aji da na jarrabawa, waɗanda wani ya rubuta tun tuni don lissafin albashi ko makin ɗalibai. Wasu suna aiki a LibreOffice, wasu ba sa yi sai an sake rubuta su. Munich sai da ta ƙirƙiri manhaja ta musamman, WollMux, don tattara samfuran wasiƙu da fom-fom. Mu kuwa ba a taɓa ƙirga ko fayil nawa ne irin waɗannan ba kafin a ce an sauya. Kuma muddin hukumomin da ke sama suna aiko da fom da dole sai an cike shi a Excel an mayar, wasu tebura za su ci gaba da bukatar Excel, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Na huɗu, ofishin sayayya yana rushe abin da sashen kwamfuta ya gina ba tare da ya sani ba. A sayo firinta mafi arha, irin wadda kwamfuta ce ke yi mata duk aikin tsara shafi, direbanta kuma na Windows ne kaɗai. A sayo na'urar ɗaukar hoton yatsa don rajistar ɗalibai wadda kayan haɗinta ba su san Linux ba. A ba da kwangilar manhajar sakamakon jarrabawa ba tare da sharaɗin ta yi aiki a kowace burauza ba. Kowace irin wannan sayayya igiya ce da ke ja baya, kuma labarin Vienna ya nuna guda ɗaya ta isa.

Na biyar, an fara da abin da ya kamata a ƙare da shi. Rundunar jandarmomin Faransa, wadda a yau take da dubun-dubatar kwamfutoci a kan Linux, ba da Linux ta fara ba. A 2005 ta sauya manhajar ofis zuwa OpenOffice a kan Windows ɗin da aka saba, a 2006 ta kawo burauzar Firefox da manhajar imel ta Thunderbird, sai a 2008 ta fara sauya tsarin kwamfutar kansa zuwa Ubuntu. Lokacin da aka zo matakin ƙarshe, jami'in ya riga ya san duk abin da yake dannawa. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda a 2024 ta tsayar da shawarar mayar da kwamfutoci wajen 30,000 zuwa Linux, ita ma da LibreOffice ta fara. A wurinmu kuwa malami yakan dawo hutu ya tarar an sauya masa komai, ba horo, ba lambar da zai kira.

Ranku ya daɗe, don kada mu zama masu kare namu ko ta halin ƙaƙa: buɗaɗɗiyar manhaja ma tana ba da mamaki marar daɗi. Waɗanda suka gina sabobinsu a kan nau'in Linux na CentOS 8 da tsammanin tallafi har 2029 sun wayi gari an datse shi a ƙarshen 2021. Akwai kuma darussan da kasuwar aiki ke tambayar takamaiman manhajar kamfani, kamar zanen gine-gine da injiniyanci. Ɗalibin da zai fita neman aiki da AutoCAD a ba shi AutoCAD. Ba mu ce kada a sayi komai ba. Cewa muka yi a san abin da ake gudu da abin da za a tarar.

Abin da za a tarar kuwa ga shi. Windows 11 tana bukatar guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai injin ƙarni na takwas zuwa sama. Kwamfutocin gwanjo da suka cika ɗakunanmu da yawansu ba su kai nan ba, alhali Linux tana tafiya a kansu lafiya. Don haka kuɗin komawa ya haɗa da sayen sababbin na'urori, abin da takardar ɗan kwangila ba ta cika nunawa a shafin farko ba. Sai kuma canji. A ɗauka, don misali kawai, hayar wata manhaja dala 5 ce a wata ga kowane mutum, ma'aikata kuma 2,000 ne. Dala 120,000 ke nan a shekara. A farkon 2023, da dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, naira miliyan 55 ne da 'yan kai. Da ta haura 1,500 a 2024, ya zama miliyan 180, ba tare da an ƙara ko mutum ɗaya ba. Shekarar da aka kasa biya, ƙofa ce za a rufe da bayananku a ciki. Ko rukunin da ake ba makarantu kyauta sharuɗɗansa a hannun mai shi suke: Google ya daɗe yana ba makarantu wurin ajiya marar iyaka, a 2022 ya mayar da shi terabait 100 ga makaranta gaba ɗayanta. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Saboda haka muna roƙonku abubuwa kamar haka.

Kada a amince da kowace takardar sauya manhaja sai an haɗa ta da rubutaccen bayanin abin da ya lalace a tsohuwar, wanda ya duba, da abin da gyara zai ci. Idan matsalar wuta ce ko rashin ma'aikaci, a rubuta haka ƙarara, domin sabuwar ma za ta tarar da ita.

A sa lissafin ɓangarorin biyu a shafi ɗaya na tsawon shekara biyar: lasisi da naira a kan canjin yau da kuma idan ya ƙaru da rabi, sababbin kwamfutoci, kuɗin intanet idan manhajar a sabar kamfani take zaune, kwashe bayanai, horo, da kuɗin fita idan an fasa. A ɗaya gefen a sa albashin masu kula, inbata da batura, faifan ajiya, da kwangilar tallafi daga kamfanin cikin gida. Irin wannan kwangila da naira ake biyanta, ƙwarewar kuma a garinmu take zama.

Kowace manhajar da makaranta ta dogara da ita a ba ta layinta a kasafin shekara, da ma'aikata biyu na dindindin da aka rubuta sunansu, da kundin yadda aka girka ta. Kalmomin sirri na manyan sabobi a rufe su cikin ambulan a ajiye a ofishin magatakarda. Kwafin ajiya ya zama uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban, kuma kowane zangon karatu a gwada dawo da shi a gaban shaida. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko yana aiki ba.

A fitar da takardar umarni a kan tsarin fayil: abin da aka gama, PDF, abin da za a ci gaba da gyarawa a cikin gida, ODF (buɗaɗɗen tsarin da LibreOffice ke aiki da shi), wanda hukumar ma'auni ta duniya ta amince da shi tun 2006, gwamnatin Birtaniya kuma ta ɗauke shi a 2014. A ƙirga teburan da lallai sai da Excel ko wata manhajar kamfani, a saya musu lasisi na halal su kaɗai, a daina dogaro da kwafin sata da ke shigo mana da ƙwayoyin cuta.

Ofishin sayayya kada ya karɓi firinta, sikana ko na'urar yatsa sai sashen kwamfuta ya jona ta a kan Linux da Windows ya sa hannu cewa ta yi aiki.

Inda kuka duba duk wannan kuka ga komawa ita ce daidai, to a rubuta cikin yarjejeniya cewa bayanan na makaranta ne, kuma kamfani zai miƙa su duk lokacin da aka nema, ba ƙarin caji, cikin tsarin da kowace manhaja ke karantawa: MARC 21 ga kundin laburare, CSV ko cikakken kwafin rumbun bayanai ga rajistar ɗalibai da sakamakonsu. A faɗi ƙasar da za a ajiye bayanan, daidai da dokar kare bayanai ta 2023. Tsohuwar sabar kuma kada a goge ta sai an yi cikakken zango biyu a kan sabuwar, an kuma zaɓi bayanan ɗalibai da na littattafai ɗari-ɗari an gwama su ɗaya bayan ɗaya an ga babu abin da ya ɓace a hanya.

A ƙarshe muna neman a ba wakili ɗaya daga masu kula da saba da ɗaya daga laburare kujera a zaman da za a tattauna waɗannan takardu, a kuma ba su kwafin tayin 'yan kwangila mako biyu kafin ranar zaman.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Naku cikin girmamawa,
Wasu ma'aikatan sassan kwamfuta da laburare na manyan makarantu